Mesaj ɗin Foraj da Bai Fita Ba

Lokacin ina da shekara ashirin da shida, ban daɗe da dawowa daga karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi ba, ji nake babu wanda ya kai ni. Wata ƙungiyar makiyaya a nan Dakoro ta ɗauke ni in kula da ordinatar guda a biro ɗinsu, wato ofis. Aikinta ɗaya ne. Masu gadin foraj na arewa, wato rijiyoyin burtsatse, su aiko da labari, ita kuma ta watsa wa makiyaya mesaj a waya: wane foraj ke da ruwa, wane ne pomponsa ya mutu.

Tsakiyar rani lojisiyal ɗin, wato manhajar da ke aika mesaj, ya fara nauyi, na ce bari in cire shi gaba ɗaya in sake zuba shi. Akwai wani ɗan fishiye, wato fayil, da ake kira sarbis, layinsa bai fi goma ba, shi ke sa ordinatar ta tayar da lojisiyal duk sanda ta kunnu. Cirewar da na yi ta tafi da shi. Sabon ya zo da nasa, amma a kwance, sai an ba shi umarni ya riƙa tashi da kansa. Ni kuwa da hannu na tayar, na aika wa wayata mesaj na gwaji, ya shigo, na kulle biro na tafi cin abinci. Wallahi da na kashe na kunna sau ɗaya, minti uku, da na gani.

Kashegari aka ɗauke wuta aka maido. Ordinatar ta kunnu, fitilarta na ci, lojisiyal bai tashi ba. Kwana tara babu mesaj ɗin da ya fita, ni ban ma leƙa ba. A cikin kwanakin nan pompon wani foraj wajen Azagor ya lalace, mai gadi kuwa ya aiko tun ranar.

Ran kasuwa wani dattijo makiyayi ya shigo biro, ya ƙi kujera, ya zauna ƙasa. Ya ce ya kora shanunsa tafiyar kwana biyu zuwa foraj ɗin, don sun saba in waya ta yi shiru to ruwa na nan. Ya tarar ko ɗigo babu. Kafin su kai wata rijiya shanu bakwai sun faɗi, har da wadda jikokinsa ke shan nononta. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙo min wayarsa da hannu biyu, ya ce in duba masa, ko shi ne ya taɓa wani wuri ya ɓata ta. Nan take na gane. Na karɓa ina latse-latsen banza, na ce Baba matsalar rezo ce, layin waya ne bai kama ba. Ya ce haka Allah ya so, ya sa min albarka.

Bayan fitarsa na gyara da layi ɗaya. Layi ɗaya, jama'a! Masu irin aikina, don Allah kada ku cire lojisiyal sai kun adana fishiyensa na sarbis, in kun sake zubawa ku kashe ku kunna, ku gani da idonku ya tashi. In kuma kun yi kuskure ku faɗa a take, don ƙaryar ta fi kuskuren cin raina. Shekara biyar ke nan. Duk sanda dattijon nan ya shigo gari sai ya biyo ya gaishe ni, har man shanu yake kawo min, ni kuma ina karɓa.