Hoton Malam Tanielu da Baki a Buɗe

A shekarar 1974 Ualesi ya fara haɗuwa da Malam Tanielu, a tashar motocin garin Salelologa da ke tsibirinmu, gab da inda jirgin ruwa yake tsayawa. Ualesi yana saurayi a lokacin, sana'arsa yi wa motocin hayarmu na katako fenti da zane. Yana cikin zana kifi a jikin wata mota, sai wani siririn malamin makarantar mishan ya tsaya a bayansa, da littattafai a hammata.

"Samari, ka taɓa ganin kifi kuwa?"

"A bakin teku aka haife ni, Malam."

"To me ya sa naka yake murmushi? Zana wanda ka gani, ba wanda direba yake so ba."

Daga ranar abota ta ƙullu. Malam marubucin labarai ne. In an tashi daga makaranta yakan zo rumfar Ualesi ya karanta masa abin da ya rubuta, ya ba shi aron littattafai, ya kuma tsare shi da tambayoyi a kansu. Abu ɗaya ya taɓa roƙa, wato a zana shi. Ualesi ya yi alkawari, sai dai Malam ba ya iya zama shiru. Da an ɗauki buroshi sai ya zabura, hannu a sama, wai ya tuna wani labari.

"Malam, rufe baki mana in ga haɓarka."

"Ranar da na mutu ka gani."

Har suka yi furfura ba a yi hoton ba.

Da Malam ya rasu aka binne shi a ƙofar gidansa, kamar yadda muke yi. Matarsa, Fuatino, ta nemi Ualesi ya zana shi a allon da za a kafa a kan kabarin ranar cika shekara. Ta ba shi hoton da aka ɗauka a coci: farin kwat, fuska a ɗaure, baki gum. Shi 'ya'yansu da ke Auckland suka zaɓa.

Ualesi ya kwaikwaya tsaf, ya ja da baya ya duba, ya ga baƙo. Ya kankare. Sai ya zana mutumin da ya sani, baki a buɗe, yatsa a sama, gilashi ya zamo kan hanci. Ya san abin da zai iya biyo baya. In Fuatino ta ƙi hoton a gaban fasto da dukan gari, za a ce ya yi wa mamaci ba'a, kuma ƙafarsa ba za ta sake taka gidan ba.

Ranar ta zo. Aka yi addu'a, aka yaye ƙyallen da ya rufe allon.

Babban ɗan ya yi gyaran murya. "Baba Ualesi, wannan ai kamar mai tallan gwaza a kasuwa."

Fuatino ta matso da sandarta, ta daɗe tana kallo.

"Ualesi, kai dai ba ka da kirki. Duk rayuwata ina fama in rufe bakin nan, Allah ya rufe mini, kai kuma ka zo ka buɗe?"

Sai dariya ta kece mata, har da hawaye.

"Ku bar shi. Mai farin kwat ɗin na coci ne. Wannan ne mijina."

Yanzu kowace safiya takan zauna a gefen kabarin da kofin kokonta, tana musu da shi. Ualesi yakan wuce ya gaishe su duka biyu. Bai taɓa gaya wa kowa zancen tsohon alkawarin ba. Amma wanda ya sunkuya zai ga ɗan ƙaramin kifi a kusurwar allon, can ƙasa, kuma wannan ba ya murmushi.