Wutar da ke jan 'yata a Gwaram

Ban riƙe biro ba sai da furfura ta fito mini. Ajin yaƙi da jahilci na shiga a nan Birnin Kudu, don haka ba zan ce na san kan na'ura ba. Amma idan abu ya cije ni, na san ya cije ni.

'Yata ta fari tana aure a Gwaram, gida ɗaya da Hajiya, uwar mijinta. Sana'arta buga wa mutane takardu a kwamfuta, irin wadda ake ɗorawa a cinya, mai jikin ƙarfe fari kamar sabuwar tukunya. Da cikinta ya tsufa na je duba ta. Bazara ce, an yayyafa wa simintin falon Hajiya ruwa don a samu sanyi. A falon nan 'yar tawa take aiki, domin nan ne kawai soket bai mutu ba. Ta jona caja, ni kuma na kai hannu zan matsar da kwamfutar in ajiye kwanon fura. Sai wani abu ya fizge ni daga yatsa har kafaɗa. Kwanon ya kife.

"Ke! Mene ne wannan?"

Ta yi dariya. "Inna, gaisuwa ce take yi miki. Kullum haka take in tana caji, tsikari ne kawai."

"Tsikari? Da ɗa a cikinki kike ce mini tsikari?"

"In na yi alwala ne ya fi zafi. Na saba."

Na ɗauki mayafi na shiga kasuwa, na zo da mai gyaran wuta. Ya taɓa kwamfutar da ɗan sukudirebansa mai fitila, fitilar ta kama. Ya taɓa ƙarfen taga, nan ma ta kama. Ya ce laifin ba na kwamfuta ba ne kaɗai, wayar cikin bango ce ta zazzage, kuma gidan ba shi da ƙarfen da ake binnewa a ƙasa ya sha wutar da ta ɓalle. Sai an fasa bango an sake waya. Kafin nan, in ji shi, kada ta taɓa da jiƙaƙƙen hannu, kuma ta riƙa sa silifa na roba.

Kowa ya san uwar amarya ba ta ɗaga murya a gidan surukai. Gaisuwa ce da sunkuyar da kai, ka sha ruwa ka tafi. Ni na ɗaga. Na samu Hajiya a kan dardumarta na ce, "Hajiya, bangon nan zai kashe mana yarinya."

Ta ja carbi. "Subhanallahi. Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Mu da muka tsufa a gidan, wa ya ci?"

"To a bar ta ta sa silifa."

"A ina? Nan inda nake sa goshina? Ko mai gidan, Allah ya jiƙansa, a ƙofa yake tuɓe nasa. Ke a ɗakinki da takalmi ake shigar miki?"

Gaskiya ba a shigar mini. Ba mugunta take yi ba, tana son jikan nan kamar yadda nake son sa. Ita dai ba ta ga yadda abin da ba ya jini, ba ya hayaƙi, zai sa a taka mata wurin salla ba.

Na tari mijin 'yar tawa a zaure. Yaro ne mai ladabi, ladabin da ke ƙona rai. Ya durƙusa ya ce, "Inna, gidan gado ne, ba a raba ba. Ba ni da ikon fasa bango sai Yaya ya zo daga Kano mun zauna."

"Yaushe zai zo?"

"In sha Allahu."

Na ce to ta bar aikin har ta haihu. 'Yar tawa da kanta ta ƙi. Masu takardu za su koma wajen wani, in ji ta, kuma batirin ya mutu, sai a jone take aiki. Na ce ta biyo ni gida goyon ciki tun yanzu. Ta ce lokaci bai yi ba, za a ce na raba ta da ɗakinta. Har ta kama hannuna tana lallashi, kamar ni ce mai ciwon. "Inna, don Allah kada ki ja mini magana. Ke za ki tafi, ni zan zauna da su."

Na tafi. A mota na yi ta haɗa maganganun da ya kamata in faɗa, duk masu kyau, babu wanda zai sake waya ko ɗaya.

Tun daga ranar, in aka kawo wuta a unguwarmu yara suka ɗauki ihu, sai in tuna bangon Hajiya. Ban san ko layin wutarmu ɗaya da na Gwaram ba, ban kuma tambaya ba. Sai in ɗauki waya in kira ta. In ta ɗaga, in ce ya jiki, ta ce lafiya lau, ina jin ƙarar madannai a ƙarƙashin muryarta. In ba ta ɗaga ba, in zauna a bakin gado da wayar a hannu, ina roƙon Allah ya sa a ɗauke wutar.