Matar da ta shanye tekunta

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Jidda ba iƙama, wato takardar izinin zama, na samu aikin shara da wanke-wanke a unguwar Safa, a gidan wani injiniya ɗan Japan da ke aiki a tashar jiragen ruwa. Matarsa mai zane ce. Ba ta zana komai sai teku, da baƙar tawada, kullum ruwa na kutsowa ta ƙofar ɗaki.

Ni da bakina da ba ya zama, na ce, "Madam, ke ko kaza ba ki iya zanawa ba?" Ta yi dariya. Da guntun Larabcinta ta ce tun tana yarinya take ganin ruwa na cika ɗaki, ba mai ganinsa sai ita. In ta zana shi, sai ya tsaya a takarda ya bar ta ta yi barci. Na ce likita fa? Ta ce a gidansu abin kunya ne ka ɗora wa mutane nauyinka. Mijin ma "gajiya ce" kawai yake cewa. Ko kuka na kama ta tana yi, sai ta sunkuya ta ba ni haƙuri.

Wata rana tana goga sandar tawadarta a kan dutse, na ce ai tamu ma da gawayi da ƙaro ake yi. Surutu ya ja ni, na ba ta labarin rubutu: malam ya rubuta addu'a a allo, a wanke, mara lafiya ya sha. Ta tsayar da hannu.

"Hajja, yana warkewa?"

Na ce, "Da yardar Allah."

Ba a jima ba na tarar da ita a kicin, zanenta duka a jiƙe cikin robar wanki, leɓɓanta baƙi ƙirin. Ta dafa ƙirji ta ce, "Halas, shi ke nan, Hajja. Ruwan ya bar ɗaki. Yanzu yana nan."

Ba ta ƙara taɓa tawada ba. Barci ya ƙaurace mata, magana ta ɗauke. Mijin ya mayar da ita ƙasarsu, yana ɗaure kaya yana ce mini gajiya ce.

Abin yana cina har yau, bai ragu ba. Takardun nan su kaɗai ne wurin da aka bar ta ta faɗi ciwonta, su ma ta haɗiye. Ban san ko tana raye ba. In yarana suka ja ni bakin teku da yamma, ni ce mai tsaron takalma, na ba ruwan baya.