Kujerar da Aka Ba Yaya

Yayata malamar ajin ƙananan yara ce, irin 'yan shekara huɗu da biyar ɗin nan da ba su gama rabuwa da majina ba. Tun rasuwar mijinta muke zaune gida ɗaya. Ni ina ɗinki a ɗakin gaba, ita tana cika mini sauran gidan da tarkace: kwalin firij, marafan kwalba, matacciyar waya, cokulan roba, takalmin da ya rasa ɗan'uwansa. Ko ƙyalle ne ya faɗo daga kekena, kafin ya kai ƙasa ta cafe. In na yi ƙorafi ta ce kayan aiki ne. Na sha gaya mata duk baƙon da ya leƙo barandarmu sai ya ɗauka bola muke saye.

A ajinta ba a jera benci a fuskanci allo. Akwai kusurwar yashi, akwai ta ruwa, sai wani fili a tsakiya da yara ke mayarwa duk abin da ransu ya so. A zangon farko na shekarar da nake magana, gidan burodi suka buɗe. Burodin na yashi ne, amma rigimar rabonsa ta gaske ce, kuma a wajen rigimar suka iya ƙirga ba tare da sun san ana koya musu ba.

Yaya tana da ƙa'ida guda da ba ta karyawa: ba ta tsayawa a kan yaro. A ƙasa take wuni, ko a zaune ko a durƙushe. Kuma ba ta zaɓar wa kanta matsayi a wasa, abin da aka ba ta shi take zama. Ta yi akuya, ta yi jaririya, ta yi ɓarawon burodi har aka ɗaure ta da igiyar tsalle. Sai ta dawo gida, zani duk yashi, baki har kunne.

"Yau wata ta kore ni daga layi," in ji ta, "wai ban yi sallama ba."

"Shi ne kike murna? Da girmanki?"

"Ke ba za ki gane ba. Yaro ba ya yi wa malama tsawa. In ya yi miki, ya manta ke malama ce. Wasan ya ci shi ke nan, a lokacin yake koyo."

A zango na biyu gwiwarta ta ce ta gaji. Ta daɗe tana ciwo, Yaya tana shafa mata man zafi tana ɓoyewa. Wata safiya ta durƙusa a bakin yashi, tashi ya gagara, sai da mai shara da mai gadi suka ɗaga ta. Likita bai ja magana ba: babu zaman ƙasa, babu durƙuso. Shugabar makaranta, mace mai kirki, ta sa aka kawo mata kujerar ofishinta, baƙa, mai dogon baya da tayoyi.

Kujerar nan ita ta ɓata komai. Da yaran suka ga Yaya a sama, sai suka tuna malama ce. Suka fara yin layi da zanensu suna cewa, "Malama, na yi daidai?" In za su wuce ta gabanta sai su rage murya. Wasa bai tsaya ba, amma ya koma can nesa da ita. Labari ya daina zuwa gida. Ranar da muka wuce wani lafiyayyen kwali a bakin titi Yaya ba ta ko waiwaya ba, gabana ya faɗi.

"Ƙanwata, na zama mai gadi," ta ce da ni. "Ina zaune ina kallo kamar an ajiye tulu. Na gaya wa shugaba, in shekara ta ƙare zan bari."

Na yi faɗa, na yi lallashi. Na san in ta bar ajin nan babu abin da zai riƙa tashinta da safe, kuma tsoron da nake ji ke nan. Shugaba ita ma ta ce ta ƙara tunani.

A zango na uku ni nake zuwa ɗauko ta, don hawa motar haya ita kaɗai ya zame mata aiki. Ran nan na isa da wuri, sai na tsaya a taga. Yaran sun buɗe gareji, saboda akwai wata 'yar bakanike a cikinsu, gajeriya mai haɗe rai, kowa Oga yake ce mata. Sun yi ta gyaran motocin kwali har kwalayen sun yayyage. Oga ta tsaya riƙe da ƙugu tana neman abin gyara, sai idonta ya sauka a kan tayoyi na gaske. Ta zo ta zagaya kujerar, ta shuri taya ɗaya, yadda na tabbata ubanta yake yi.

"Wa ya bar motar nan a hanya? Ku turo ta."

"A'a, ku yi a hankali," in ji Yaya, "kar wani ya..."

"Mota ba ta magana!"

Na ga fuskar Yaya a lokacin. Ta yi gum da bakinta, ta riƙe hannuwan kujera, aka gangara da ita tsakiyar aji. Biyu suka shige ƙarƙashi suka kwanta rigingine. Wani ya ƙirga tayoyi ya ce biyar ne, aka yi ta musu ko akwai mota mai taya biyar. Wata ta ƙwanƙwasa mata gwiwa da cokalin roba, Yaya ta ce wash.

"Ga matsalar nan," in ji Oga. "Ƙafar gaba ce."

Haka aka yi makonni ana gyara. Sun auna mai, sun ɗaure gwiwar da ƙyallayena, sun rubuta mata lamba da haruffan da rabinsu ke kallon baya, sun manna mata a gadon baya.

A makon ƙarshe shugaba ta shigo ajin, ina tsaye a bakin ƙofa. Ta sunkuya ta ce, "Malama, shekara mai zuwa fa? Ina bukatar amsa."

Yaya ta nuna Oga da haɓa. Shugaba ta gane, ta juya.

"Oga, sannu da aiki. Yaushe motar nan za ta fita?"

Oga ta goge hannu a jikin riga. "Ba yanzu ba. Kaya bai iso ba. A bar ta a nan."

"To ai ku kuna tafiya aji na gaba."

"Ƙanina zai zo. Na koya masa."

Ni da nake ganin ba ni da saurin kuka, sai ga ni ina share ido da bakin mayafi. Shugaba ta sake kallon Yaya tana jira. Yaya ta daɗe tana kallon yarinyar, hawaye na bin kumatunta. Sannan ta ɗaga hannu ta danna iska, ta ce, "Pim pim."