Birged ɗin Kakana a Kofunan Shayi

Kakana ya yi wa Turawan Ingila aikin soja a yaƙin duniya na biyu, kuma har ya rasu 'yan gidanmu suna yi masa kallon mai ƙarin gishiri. Yau ya faɗi lambar birged ɗinsu, wato rundunarsu, gobe ya faɗi wata daban. Kawunnaina su yi ta ƙyaƙyata dariya, ni kuwa in cika fam, amma ba ni da bakin kare shi.

A 2013, ina karatu a Alƙahira, mai gidan da muke haya a unguwar Madinat Nasr tsohon hafsan soja ne. Wata la'asar muna shan shayi na ba shi labarin, ina jin kunya.

Sai ya jera kofuna uku a faranti. Ya ce, "Ya ɗana, wannan birged ne, kowane kofi bataliya guda." Ya ɗauke ɗaya ya kai wani faranti, ya kawo wani ya cike gurbin. "Haka Turawan Ingila suke yi. In yaƙi ya ci mutane ko buƙata ta sauya, su cire bataliya su kai wani birged, wani lokaci har lambar su canza. Sojan kuwa ba a tambayarsa. Khalas, shi ke nan."

Na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji. Nan take na kira gwaggona, 'yar kakan nawa, na zayyana mata.

Ta ce, "Ni dama ban taɓa dariya ba."