Faifai Biyu na Baba Fiyus

"Ni dai na gaya maka, tsohon nan ya taɓa injin."

"Wane tsoho?"

"Tsoho nawa ne ke gyara a layin nan? Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da ɗaya fa! Ko aljani ne ya riƙe sitiyari ba zai yi wannan lokacin ba."

"Kuma 'yarsa ce ta yi."

"To ka gani. Malamar firamare, wadda ko keke ban taɓa ganinta a kai ba."

"Rage murya, bangon katako ne."

"Ya ji mana. Ni gobe zan ɗauko injina daga wajensa. Wanda ya iya ƙara wa na 'yarsa gudu, ai ya iya rage wa naka."

Bangon kuwa katako ne, kuma a bayansa Baba Fiyus yana zaune da ƙarfen narka dalma a hannu, ya ji komai. Bai yi tari ba, bai leƙo ba. Dalmar ce kawai ta ɗiga inda bai nufa ba, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan koyo.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana zaune a wannan shago, tsakanin mai faci da mai wankin hula. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin mai ƙaton baya, ya yi zamanin bidiyo, yanzu kuma injinan gem, na wasa a talabijin, su ne suka fi yawa a kan kantarsa. Sunan Fiyus ya samo shi ne daga halinsa. Duk wanda ya kinkimo masa kaya yana haki yana cewa ya ƙone ƙurmus, tambayar farko ita ce, "Ka duba fiyus?" Sau da yawa kuma shi ɗin ne. Sai ya canza shi a gaban mai kaya, ya ce masa ya yi ta kansa. Bai taɓa mayar da ƙaramin ciwo babba don ya ci riba ba. Bai gina bene ba, bai sayi mota ba, amma idan ya ce abu ya lalace, ba mai zuwa wani wuri neman ƙarin bayani. Wannan sunan shi ne duk abin da ya tara, kuma shi ne yau ake taunawa a bayan katako.

Asalin maganar 'yarsa ce, wadda kowa ke kira Malama, shi kuma yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. A bayan kantar shagon ta girma. Duk injin gem da ya gyara sai an gwada shi, shi kuma yatsunsa ba na wasa ba ne, don haka ita ce mai gwaji. Faifai ɗaya ne a shagon, na tseren motoci, wanda ya zo cikin wani tarin kayan gwanjo. Hanya ɗaya take so a ciki: doguwar miƙaƙƙiya da ta bi ƙarƙashin gada, sai rami mai duhu, sai wata muguwar kwana kusa da ƙarshe. Shekara goma sha biyar tana bin wannan hanya, har ta yi karatu, ta fara koyarwa, ba ta daina ba.

A tsallaken titi kuma akwai gidan gem na wani da ake kira Ciyaman, mutum mai tumbi da son a san da shi. Ya kafa allo a ƙofa yana rubuta sunan wanda ya fi kowa sauri a wannan hanyar, kuma sunansa ne a sama tun bara: minti biyu da daƙiƙa goma sha biyar. Wata rana Malama na dawowa daga makaranta ta tsaya ta karanta allon, ta yi dariya.

"Ciyaman, wannan lokacin da mota ka yi shi ko da baro?"

Maganar ta yi wa mutane zafi. Suka biyo ta har shagon ubanta, ta ajiye jakar littattafai, ta ɗauki abin riƙewar nan da suke kira hannu, ta yi minti ɗaya da hamsin da ɗaya a gabansu. Maimakon tafi, sai aka shiga kallon-kallo. Ciyaman ya dubi injin, ya dubi sukuddireban da ke aljihun Baba, ya ce, "To, mun gani," ya fita. Kowa ya san Baba ne ke buɗe cikin injinan unguwar don su karɓi kowane irin faifai. Kafin rana ta faɗi, labarin ya gama layi.

Cikin mako guda mutum uku suka zo suka karɓi kayansu ba a gyara ba. Ɗaya ma ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Rabu da su, abokina," in ji Mai Faci, maƙwabcinsa, yana tura taya cikin ruwa. "Yaran nan ko fiyus ka nuna musu za su ce ƙwaya ce."

"Ba yaran ne damuwata ba. Ni kaina ban san dalilin ba. Uwata ta iya, na sani. Amma daƙiƙa ashirin da huɗu ba iyawa ba ce."

"Au, kai ma ka shiga layinsu?"

"Ni layin gaskiya nake nema."

Ya kwance injinsa ya duba, bai ga komai ba. Ya mayar, ya sake kwancewa. A rana ta tara, da hantsi, ya tsallaka titi zai sayo batir, ya bi ta ƙofar Ciyaman. Ana tseren a ciki. Ya wuce da taku uku, sai ya tsaya cak.

Kiɗan wasan ne ya tsayar da shi. Wannan kiɗa ya sha shi shekara goma sha biyar har yakan tsinci kansa yana kaɗa ƙafa da shi. Amma a nan yana ja, yana nauyi, kamar kaset a rediyon da batirinsa ya fara mutuwa. Kukan motar ma ba irin na shagonsa ba ne, na nan kamar mai mura.

Ya tsaya a rana yana saurare har wani mai babur ya yi masa tsawa. Can sai zamanin bidiyo ya faɗo masa a rai, lokacin da ake kawo kaset daga wata ƙasa ya ƙi nuna launi, hoto ya yi ta birgima. Ai talabijin ɗin duniya ba iri ɗaya ba ne. Na wasu ƙasashe hoto hamsin suke haskawa a daƙiƙa, na wasu sittin. Idan masu wasan sun buga faifai biyu, ɗaya don nan ɗaya don can, ba su daidaita gudun ba fa? Ya koma shago ba batir, ya ɗauki fensir ya yi lissafi a bayan kwali. Ya daɗe yana kallon abin da ya fito.

Da yamma Malama ta biyo. Ya miƙa mata kujera.

"Uwata, na gano abin. Amma ba zai yi miki daɗi ba."

"Faɗi, Baba."

"Faifanmu ya fi nasu gudu. Ba ni na sa ba, haka aka buga shi. Motarki na yin taku shida, tasu na yin biyar. In na nuna wa mutane, sunana zai wanku, amma ashirin da huɗun nan taki za ta narke."

Ta murza zoben hannunta. "Duka?"

"In lissafina daidai ne, za a bar miki kamar biyu. Su ma sai kin yi su a faifansu, da motar da hannunki bai saba da ita ba."

"Wato duk cika bakin da na yi a kan baro, ashe baron gaske aka ba su."

"Kusan haka."

Ta fashe da dariya har da riƙe ciki, sannan ta share ido. "Baba, ka nuna musu. Biyun nan kuma ka bar mini, zan je in karɓo kayana."

Ranar Asabar bayan la'asar, Baba Fiyus ya rungumi injinsa, Mai Faci ya ɗauko masa talabijin, suka tsallaka titi. Gidan gem ya cika maƙil. Ciyaman na zaune a kujerarsa mai juyawa.

"Baba, gyara ka kawo mana? A nan ba ma gyara."

"Gwaji na kawo. Ba ni wuri kusa da naka."

Aka jera talabijin biyu kafaɗa da kafaɗa, kowane da injinsa da faifansa. Baba ya karɓi robar kitso biyu daga hannun Malama, ya ɗaure maɓallin wuta na kowane hannu, ya ajiye su a kan tebur.

"Ba wanda zai taɓa. Roba ce direba. Roba ba ta da 'ya, ba ta da uba. Ku dai ku kalli wadda za ta riga isa gada."

Aka saki motocin tare, mota iri ɗaya, hanya ɗaya. Ta injin Baba ta shige ƙarƙashin gada, ta Ciyaman tana can baya tana nishi. Ɗakin ya ɗauki ihu.

"Ka gani! Da hannunsa ya tona kansa!"

"Tsoho, kunya dai!"

Ciyaman ya buɗe hannuwa yana juyi a kujera. "Baba, da ka sani ka yi zamanka a shago."

Da hayaniyar ta lafa, Baba ya dube su. "Kun yarda injina ne mai gudu?"

"Mun yarda!"

"To Ciyaman, taso. Da hannunka, ba nawa ba. Cire faifanka ka sa a injina, ka sa nawa a naka."

Ciyaman ya taso yana murmushin wanda ya riga ya ci. Ya musanya. Aka sake ɗaura roba, aka saki. Wannan karon motar da ke injin Ciyaman, injin da rabon Baba da taɓa shi shekara biyu, ita ce ta tsere kamar an kore ta, ta injin Baba kuma ta bi baya tana ja.

Kowa ya juya ya dubi Ciyaman. Mai Faci ne ya fara magana.

"Ciyaman, ashe kai ne ka taɓa injinka? Kai, mutum ba abin yarda ba!"

Dariya ta ɓarke. Wani ya ce a sake, aka sake. Wani ya ce a canza talabijin, aka canza. Duk inda faifan Baba ya je, gudu na biye da shi. Baba ya ɗaga faifan biyu a hasken taga, ya nuna musu ƙananan alamomin da ke gefensu, waɗanda ba wanda ya taɓa kulawa da su. Zane ɗaya, suna ɗaya, amma an buga su don ƙasashe daban. Ya yi musu bayanin hamsin da sittin da yatsunsa, yadda yake yi wa masu kawo gyara.

Ciyaman ya share wuya da hankici. Mutum ne da faɗuwa ɗaya ba ta sa shi sallamawa. "To shi ke nan, ba ka taɓa inji ba. Amma ke nan Malama ba ta fi kowa ba. Faifai ne ya yi mata aiki."

"Ba ni hannun," in ji Malama. "Naka faifan, naka injin, taka kujerar ma in ka tashi."

A nan ne Baba ya ja da baya, don wannan ba abin da sukuddireba zai gyara ba ne. Ya tsaya a bayanta, hannunsa a aljihu. Tun a kwanar farko ya ga abin da yake tsoro: ta taka birki da wuri, ta karya sitiyari kafin kwanar ta iso, motar ta goga bango.

"Malama, nan ba aji ba ne!" wani ya yi ihu.

Ba ta waiwaya ba. Ta gyara zama, ta sassauta kafaɗu. Baba ya lura leɓenta na motsi, tana bin kiɗan nan mai nauyi, tana jiran motar maimakon ta riga ta. Daga rami abin ya canza. Wadda ta saba da hanya na zuwa mata a guje, yau hanya na zuwa mata tana rangwaɗa. Ta ratsa ramin ba ta taɓa komai ba. Da ta iso muguwar kwanar nan, inda kowa ke taka birki, ita ɗaga yatsa kawai ta yi, ta shafi gefen titi kamar mai ja layi da alli, ta fita.

Minti biyu da daƙiƙa goma sha biyu.

Mai Faci ya jefa hularsa sama ta maƙale a fanka. Waɗanda suka kwashe kayansu daga shago su ne suka fi kowa tafi. Malama ta ajiye hannun a kan cinyar Ciyaman, ta ce, "Uku ne ma, Baba. Lissafinka ya ci mini ɗaya."

Baba ya kau da kai. Ya sunkuya yana naɗe wayoyin injinsa, yana naɗewa yana warwarewa. Ciyaman ya matso kusa da shi, ya rage tsawo, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, a yi haƙuri. Mun yi maka ƙazafi. Ba ka taɓa komai ba."

Baba Fiyus ya miƙe, ya sa injinsa a hammata, ya dube shi sama da ƙasa.

"Na haƙura, ɗana. Amma kunnen nan nawa ya tsufa, kuma ba shi ke buƙatar ji ba. Don Allah taka zuwa bakin titi, ka tsaya inda mai wankin hula zai jiyo ka, ka maimaita da irin muryar da kake kiran sunan wanda ya ci tsere."