Gas ɗin Bungudu

Warin gas ne ya tashe ni a wannan Asabar ɗin, haɗe da ƙamshin ƙasar da ruwan asuba ya jiƙa. Gas muke ce wa man dizal, kuma tun da Baba ya bar aikin akawu ya sayi a-kori-kura da kuɗin sallamarsa, warin ya zama ɗan gida a wurinmu. Yana cikin rigunansa, yana jikin butarsa, har a goron da yake ɓarawa ya miƙo mana. Amma na ranar ya fi ƙarfi, domin an buɗe jarkar da ta daɗe a kusurwar zaure ba wanda ya taɓa ta.

Shekarun wahalar mai ne, ƙarshen mulkin soja. Na gama sakandare ina jiran kiran kwalejin horon malamai, ba ni da aiki sai karance-karance da kallon hadari ta taga. Gidajen mai a Gusau kullum a rufe, in an buɗe kuwa layi ya kai inda ido ba ya kaiwa. Motar nan ita ce cinmu. Baba yana ɗauko hatsi daga Tsafe zuwa Gusau, wani lokaci ya kai kaya Bungudu. Abin da ya sa ba ta kwana da ƙishi shi ne amininsa, wanda muke kira Baban Bungudu. Tare suka yi elemantare, kuma shi ya yi wa Baba abokin ango. Yana da rumfa a bakin titi da durorin gas, kuma komai tsananin da ake ciki, in Baba ya je sai an cika masa tanki har baki. Shi yana kiran Baba Akawu, Baba yana kiransa Sarkin Duro. Sukan zauna a benci su yi ta zagin juna har la'asar.

Da tsakiyar damina motar ta fara ciwo. Da safe takan tashi lafiya lau, ta fita gari tana gurnaninta mai daɗi. Sai an yi nisa ta fara tari, ta riƙa fizga kamar akuyar da aka ja da igiya. Baba ya taka totur har ƙasa, ita kuwa sai ƙara sanyi take yi, in ta tarar da hawa ta mutu a tsakiyarsa. Baba yakan sauko, ya buɗe tanki ya zura kara ya ga akwai mai, ya rufe, ya ɗan jira, ya tayar. Sai ta tashi kamar ba ita ba. Yakan ce wa Inna, hutu kawai take so, tsufa ne.

Abin da ya fi damunsa shi ne lokacin da ciwon ya fi tsanani. Duk ranar da ya cika tanki a Bungudu, ko rabin hanyar Gusau ba ta kaiwa sai ta fara. Ranar da ya sayi galan ɗaya ko biyu wurin 'yan bumburutu a cikin gari, takan yi tafiya mai nisa kafin ta nuna hali.

Makanikensa Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari, mai Hausa tsab da ƙaton ciki da dariyar da ake ji daga bakin titi. Baba yana kiransa Likita. Ya canza mata filta, ya wanke nozul, ya cire iska daga famfon mai, ciwo yana nan. Da Baba ya gaya masa zancen ranakun, sai ya goge hannu ya ce, "Malam, ai ka gama aikina. An haɗa maka gas da kananzir ne. Yanzu kowa haka yake yi, ko ubanka ne ke sayarwa ka shinshina."

Baba bai ce masa daga wurin wa yake saye ba. Ya dawo gida ya kasa cin tuwo.

A wurinmu akwai tambayar da ba a yi wa amini. Kana iya ce masa ɓarawo cikin raha sau goma a wuni, amma ba ka iya kallonsa ka ce, gas ɗin nan naka tsantsa ne? Baba bai tambaya ba. Ya yi abin da ya fi tambaya muni. Zuwansa na gaba Bungudu, ina cikin motar za a sauke ni gidan kakata, na ga ya tsoma yatsa a mazurari ana cikin zuba mai, ya murza, ya kai hanci. Ina jin bai san ma ya yi ba. Baban Bungudu yana tsakiyar wani labari, sai ya tsaya. Ya dubi yatsan, ya kau da kai wajen titi, sannan ya ƙarasa labarin da wata murya dabam. Ba a zauna a benci ba a ranar.

Daga nan Baba ya daina zuwa. Ya koma tsintar galan-galan a Gusau. Ciwon ya ragu amma bai tafi ba, Likita ya ce dattin da ya rage ne. Gero ya fara fitar da kai, kaka na matsowa, lokacin da mota ke samun aikin shekara, amma ba wannan ke hana Baba magana ba. Nakan gan shi bayan magariba a kan tabarma, rediyo na yi ba ya ji. Inna ta ce masa sau ɗaya, "Malam, ka je ku yi magana mana." Ya ce, "In ce da shi mi?"

Ana nan sai wani direban haya ya tsaya a ƙofar gida ya sauke jarka cike. Ya ce daga Bungudu, an ce a gaida Akawu, an ji shiru. Baba ya amsa gaisuwar, ya ja jarkar kusurwar zaure. Bai zuba ba, bai mayar ba. Kullum muna wuce ta kamar baƙon da ba a san abin da za a ce masa ba.

Likita ne ya gaji da ganin motar a garejinsa. Ya ce akwai gwaji guda da ya rage: a raba inji da tanki gaba ɗaya, a ba shi mai kai tsaye daga jarka, a yi tafiya mai nisa. In ta yi lafiya, laifin yana ɓangaren tanki. In ta yi tari, famfo ne, sai a fara neman mai sayen motar. Ya ce ranar Asabar, domin Lahadi yana coci. Ya ce Baba ya nemo jarka guda ta gas mai kyau. A makon nan ko ɗigo babu a Gusau, sai jarkar Bungudu da ke kusurwar zaure. Shi ya sa na tashi na ji zaure yana wari.

Likita ya zaro tiyo biyu daga ƙarƙashin bonet, ɗaya mai sha ɗaya mai mayarwa, ya bi da su ta taga zuwa cikin jarkar da aka ajiye a gaban kujera. Ana bukatar mai riƙewa kada su zame. Shi zai hau baya ya saurari salansa ya duba hayaƙi, yayyena maza kuma duk suna makaranta a Sakkwato. Baba ya leƙo tsakar gida ya ce, "Ɗiyata, ajiye littafin nan ki zo ki riƙe mana igiyar rai."

Kafin mu tashi Likita ya shinshina bakin jarkar ya ce, "Yawwa, wannan shi ne gas. Ina ka samo, Malam? Ka riƙe mai shi da kyau." Baba ya tayar da mota.

Ban taɓa jin tafiya a hannuna ba sai ranar. Tiyon shan yana motsi a hankali a cikin tafina, kamar jijiyar wuyan ɗan akuya, na mayarwar kuma yana da ɗumi. Muka fita Gusau, gonakin dawa sun rufe gefen titi, kore har ya yi duhu. Ina kallon fuskar Baba ta gefen ido. Duk inda motar ta saba fara tari, sai in ga ya ƙara damƙe sitiyari yana jira. Ba ta yi ba. Dutsen Kwatarkwashi ya taso gabanmu da gajimare a kafaɗa, muka hau hawan da ta sha mutuwa a kai, ta wuce tana waƙa. Likita yana dukan rufi yana ihu, "Taka ta, Malam! Taka ta, amarya ce!"

Na ɗauka Baba zai yi murna. Muna ƙara nisa fuskarsa na ƙara nauyi. Can ya ce, ba ni yake wa magana ba, "Da ma ta tsaya." Na daɗe ina juya maganar nan. Ina jin da ta tsaya, da yana da abin da zai kare yatsansa da shi.

A Tsafe muka tsaya kusa da masu ƙosai. Likita ya mayar da tiyo wurinsu, aka juye sauran gas ɗin cikin tanki har ya kusa cika, muka juyo. Ba mu kai Kwatarkwashi ba ta fara fizga, ta mutu a gefen wata gonar gyaɗa.

Baba ya sauko da ɗan makulli kamar yadda ya saba. Likita ya biyo shi, karo na farko da ya tsaya wajen tanki ana buɗewa, domin shi kullum kansa yana cikin bonet. Baba ya cire kwaɗo, ya murɗa murfin da ƙyar. Da ya saki, sai tankin ya ja iska da wani dogon tsaki.

Likita ya ce, "Tsaya. Kullum haka take yi?"

"Awo, kullum."

"Ba ni murfin nan." Ya juya shi a hannu. "Wane maƙiyinka ya yi maka wannan?"

Ba maƙiyi ba ne. Cikin daminar nan mun tashi wata safiya muka tarar an zuƙe mana rabin tanki. Baba ya je wurin mai walda a unguwarmu ya sa aka yi masa murfin ƙarfe mai kwaɗo. Shi da kansa ya yanko robar tayar keke ya shimfiɗa a ciki, ya ce ko wari ba zai fita ba balle ɓarawo ya ji. Ni na riƙe masa almakashi. Murfin asali kuwa yana tsakar gida, kaji na shan ruwa a ciki.

Likita ya zauna a ƙasa don dariya. Ya ce, "Malam, murfin kamfani yana da ɗan huji kamar na allura. Inji na jan mai, iska na shiga ta maye wurin. Kai ka toshe mata hanci ka ce ta yi gudu! Ni kuma ina can ina wanke nozul kamar mahaukaci."

Baba ya tsaya da kwaɗo a hannu. Shi ya ƙarasa sauran da kansa, a hankali. "In tanki ya cika, iskar ciki kaɗan ce, sai ta shaƙe da wuri." Ya dubi yamma, inda Bungudu take a bayan Gusau. "Ba inda nake cikawa sai wuri guda."

Likita ya ɓamɓare robar da ƙusa, ya huda murfin, muka dawo gida ba tari ko ɗaya.

Baba bai tafi Bungudu washegari ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya wanke motar, ya ƙwace murfin asali daga wurin kaji. Sai tsakiyar mako ya ce in shirya in gaida kakata. Na san garkuwa aka ɗauke ni, domin ba a yin maganar nauyi a gaban ɗiya.

Baban Bungudu yana zaune a rumfarsa. Ya ga motar tun daga nesa, bai tashi ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi Inna da zancen kwaleji. Sai da ya gama da ni tsab sannan ya juya.

"Akawu. Ashe kana da rai."

"Motar ce ba lahiya."

"Mi ya same ta?"

"Shaƙe ta aka yi."

"Subhanallahi. Wa ya shaƙe ta?"

Baba ya zaro murfin walda daga aljihu ya ajiye a kan duro. "Mai ita."

Baban Bungudu ya ɗauka, ya duba ciki da waje, ya ga sauran robar. Ya daɗe yana kallo. Yana da ikon ya faɗi komai a lokacin, kuma Baba ya tsaya a shirye ya karɓa. Sai ya ce, "Tun muna aji biyu na ce da malam kada a ba ka ajiyar alli, za ka kulle shi har ya ruɓe. Cikawa za a yi ko galan za ka tsinta irin na matsiyata?"

"Cika, ɓarawon banza."

Ya matsa gefe a kan bencin, Baba ya zauna. Ni na wuce gidan kakata a ƙafa, ina jin muryoyinsu a bayana har na sha kwana.

Bayan shekaru masu yawa, dukkansu biyu sun riga mu gidan gaskiya, na je suna a Bungudu na zauna kusa da matar Baban Bungudu, ta tsufa ƙwarai. Na ba ta labarin murfin don ta yi dariya, na ce Baba ya rasu yana jin kunyar zargin da ya yi wa mutumin kirki. Ta yi dariyar, sannan ta gyara mayafi ta ce, "Ai yana haɗawa, ɗiyata. A shekarun nan wa bai haɗa ba? Amma duk ranar da duro ya iso, kafin ya zuba kananzir sai ya ɗebe na ubanki tukuna. A ɗakina yake ɓoyewa, ƙarƙashin gado. Damina guda na yi ina kwana da ciwon kai."